Lasifika Shida a Falo, Amma Ba a Jin Abin da Ake Faɗa

Raina yana ɓaci duk lokacin da na shiga falon da aka zuba wa kayan sauti kuɗi masu yawa, aka kunna fim, tagogi na rawa, kofuna na kaɗawa a kan tebur, amma babu wanda zai iya maimaita abin da jarumin ya faɗa. Mai gida na riƙe da rimot bai isa ya ajiye ba. In an zo wurin magana ya ƙara murya, in mota ta fashe ya zabura ya rage, haka zai yi ta fama har fim ya ƙare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya riga ya yarda cewa haka kayan suke. Ba haka suke ba. Cutarsa aka yi, kuma da kuɗinsa aka cuce shi.

Na farko a jerin masu laifi shi ne mai haɗa kayan, wanda ake kira injiniya alhali ko tef ɗin awo ba ya ɗauka. Na tsaya a kan wani yana haɗa irin wannan kaya a gidan wani ɗan'uwana da ya yi sabon aure. Risiba ce mai kyau, wato na'urar da ke raba wa lasifikoki sauti, da lasifika biyar da wufa mai fitar da rugugi. Ya jera huɗu daga cikinsu reras a gefen talabijin, har da biyun da aka yi domin su zauna a gefen mai kallo, wai don kada waya ta ɓata kwalliyar falo. Ta tsakiya kuwa ya cusa ta cikin kabad, ya rufe mata ƙofar gilashi. Wufa ya tura ta lungu, ya murɗa makunninta har ya ƙure. Sannan ya haɗa wayarsa, ya saki wata waƙa, ya juyo yana murmushi.

"Ango, ka ji duka? Ko a gidan biki sai haka."

Na leƙa kwalin risibar na ga ƙaramin makirufo da doguwar igiyarsa, yana nan a ledarsa ba a ko kwance shi ba. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Ai na masu son rera waƙa ne, Yallaɓai." Wannan makirufon shi ne abin da kamfani ya sako domin risibar ta saurari ɗakin ta daidaita kanta. Mutumin da ke cin abinci da wannan sana'a bai san aikinsa ba, kuma bai ga dalilin tambaya ba. Ya karɓi kuɗinsa cas, ya tafi gida na gaba.

Lasifikokin nan ba a yi su da yawa don a ninka ƙara ba. Kowacce da aikinta. Tsarin da ake rubutawa 5.1 ya fito ne daga gidajen sinima: a 1992 aka fito da Dolby Digital da fim ɗin Batman Returns, a 1993 kuma DTS ta biyo baya da Jurassic Park. Mai haɗa sautin fim yana zaune a ɗakin aikinsa yana raba kaya. Kiɗa da faɗin fili ya ba ta hagu da ta dama. Ruwan sama, hayaniyar kasuwa, jirgin da ya wuce ta bayanka, ya ba biyun gefe. Rugugin tsawa da fashewar bam ya ba wufa, ita ce ɗigo ɗayan nan. Magana kuwa, kusan dukkanta, ta tsakiya yake ba wa. Saboda haka wanda ya kulle lasifikar tsakiya a kabad ya toshe bakin kowa da ke cikin fim ɗin, ya bar ka da ganguna da ƙarar bindiga.

Kuma wannan rabo yana da ma'auni. A ɗakin haɗa sauti da kuma gidan sinima ana saita kowace babbar lasifika ta ba da ƙarfin sauti na desibel 85 da sautin gwaji, ta yadda mafi ƙarfin abin da za ta iya fitarwa a fim ya kai 105, na wufa kuma 115. A gida an sassauta sautin gwajin zuwa desibel 75 don kada a kore mutane daga falo, amma manufar ɗaya ce: in kowace lasifika ta iso kunnenka da ƙarfi daidai da 'yar'uwarta, za ka ji abin da mai fim ya shirya, raɗa a matsayin raɗa, tsawa a matsayin tsawa. In ɗaya ta zarce, rabon ya rushe. Ba wani sirri a nan, yana rubuce a littafin da ke zuwa cikin kwali, wanda ake ba yara su yi wasa da shi.

Abin da ke faruwa in aka ƙure wufa sananne ne ga duk wanda ya karanci ji. Sauti mai kauri, in ya yi ƙarfi, yana danne siririn sauti da ke samansa. Haruffan da ke bambanta kalma da kalma, irin su sa da ta da ka da fa, sirara ne kuma marasa ƙarfi, yawancinsu suna can sama da Hz 2000, wato kaɗawar iska sau 2000 a daƙiƙa. Rugugi na tasowa, su ne farkon nutsewa. Sai ka ji murya amma ba ka jin kalma. Sai ka ƙara murya gaba ɗaya, wufar ma ta ƙaru tare da sauran, ba abin da ya gyaru sai dai ɗakin ya ƙara cika da ƙara. Dattijuwar da ke zaune a gefe ta yi ta tambaya, "Me ya ce?" har ta gaji ta tashi ta shige ɗaki, a ce wai tsufa ne ya taɓa mata kunne.

Gyaran bai kai wahalar da ake tsoro ba, kuma ba ya cin kobo. Amma yana da tsari, ba a fara shi daga rimot.

Daga wurin ajiya ake farawa. Ka zaɓi kujerar da aka fi zama a kanta, ita ce za a yi wa komai awo. Ta tsakiya ta zauna daidai ƙarƙashin talabijin ko samansa, a bakin katako ba can ciki ba, fuskarta na kallon kunnen mai zama. In tana ƙasa sosai, a ɗan ɗaga gabanta. A kwashe furen roba da hoton biki da aka jingina a gabanta. Ta hagu da ta dama su buɗe kamar digiri 30 kowane ɓangare daga tsakiya, wato tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazarar da ke tsakaninka da kowaccensu. Biyun gefe su koma gefenka, su ɗan ja baya kaɗan, tsakanin digiri 100 da 120, su ɗan ɗara kunne tsawo. Wannan shi ne tsarin da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsayar. Na san falonmu da kujeru jere a jikin bango ba kullum yake ba da wannan dama ba. A kusanta iya gwargwado. Abin da ba zan taɓa karɓa ba shi ne a tara duka a gaba don gudun jan waya, alhali akwai hanyar bin da ita ƙarƙashin kafet ko gindin bango.

Sai a duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya: ja ga ja, baƙi ga baƙi, a bayan risiba da bayan lasifika. In aka juya na guda ɗaya, tana turo iska lokacin da 'yar'uwarta ke ja, su riƙa cinye wa juna kauri, murya ta rasa mazauni. Mai gaggawar zuwa gida na gaba ba ya tsayawa duba wannan.

Daga nan sai tef. A auna daga fuskar kowace lasifika zuwa inda kan mai zama yake, a shigar da lambar a risiba. Mutane suna raina wannan mataki, ni kuwa ina ganin yana cikin mafi muhimmanci. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Lasifikar da ta fi wata kusa da kai da mita ɗaya, sautinta zai riga isowa da kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. Kaɗan ne a lissafi, amma kunne yana bin wanda ya fara isowa, ya ce daga can sautin yake. Wani Bajamushe mai suna Helmut Haas ya yi bincike a kan haka tun wajen 1950. In ka gaya wa risiba nisan kowacce, sai ta ɗan riƙe na kusa har na nesa su iso tare. In ba ka gaya mata ba, tana aiki ne da lambar da aka sa mata a masana'anta, ta wani ɗaki da ba naka ba.

Sannan akwai wurin da risiba ke tambaya ko lasifikarka ƙarama ce ko babba, a rubuce "Small" da "Large". Nan girman kai yake kayar da mutane. Wa zai sayi doguwar lasifika da tsada ya yarda ya kira ta ƙarama? Tambayar ba ta tsawon akwati ba ce. Ana tambaya ne ko a tura mata sauti mafi kauri, ko a ɗauke mata a miƙa wa wufa. In kana da wufa, ka zaɓi ƙarama ga dukkansu, ka sa iyakar a Hz 80, lambar da kamfanin THX ya tsayar kuma aka daɗe ana bi. Ƙasa da nan kunne ba ya iya nuna inda sauti ya fito, don haka ba ka yi asarar komai ba. Riba ma ka ci: risiba ta huta da nauyi mafi cin wuta, lasifikar tsakiya ta daina kokawa da rugugi ta fuskanci magana. In lasifikokin 'yan mitsi-mitsi ne masu cika tafin hannu, a ɗaga iyakar zuwa 100 ko 120, ko sama da haka, domin ba su iya sauka ƙasa.

Yanzu aka zo kan daidaita ƙarfi, wanda shi ne zuciyar aikin. A kashe fanka, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, in janareta na kusa da taga a jira lokacin da babu ƙararsa. A cikin saitin risiba akwai sautin gwaji, wani shuu kamar na rediyon da ba ta kama tasha ba, yana zagayawa daga lasifika zuwa lasifika. A riƙe ma'aunin ƙara daidai inda kunne yake, bakinsa na kallon silin, a sa shi a kan "C" da "Slow". Sai a bi su ɗaya-ɗaya, a ƙara wa wannan a rage wa waccan, har kowacce ta nuna 75. A nan ne mutum zai ga abin mamaki. Ta gefen da ke kusa da kafaɗarsa tana iya zarce ta gaba da desibel huɗu ko biyar, domin a fili duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfi na raguwa da desibel 6. Ta tsakiya kuma sau da yawa sai an ɗaga ta. Wanda ba shi da ma'auni ya saukar da manhajar auna ƙara a wayarsa. Ba lallai 75 ɗinta ya zama 75 na gaskiya ba, amma za ta nuna maka wacce ta fi wacce, kuma abin da ake nema ke nan. Kan wufa ne kawai ban yarda da waya ba, makirufonta ba ya kama kauri yadda ya kamata.

Wanda risibarsa ta zo da nata makirufon, aikin ya ƙara sauƙi. Kowane kamfani da tsarin awonsa: Denon da Marantz suna amfani da Audyssey, Yamaha na da YPAO, Pioneer na da MCACC, wasu kuma Dirac Live. Ka soka makirufon a gaban risiba, ka kafa shi a kan sanda daidai tsawon kunne, kada ka riƙe a hannu, kada ka ɗora a kan matashin kujera. Ka fita daga tsakaninsa da lasifikoki, a yi shiru. Wasu za su ce ka matsar da shi wurare da dama kewaye da kujerar, har takwas. Ka yi duka, kada ka tsallake. In ta gama, ka shiga ka karanta abin da ta rubuta, domin na'ura ma tana kuskure. In ta mayar da lasifikokin gaba "Large", ka dawo da su. In ta ba wufa nisan da ya ɗara na tef, ka bar shi, jinkirin da ke cikin na'urar wufar ta lissafa. In kuma ka ga ta rage wufa har ƙarshen abin da take iyawa, kamar -12, tana gaya maka ne cewa makunnin bayan wufar ya yi yawa. Ka sassauta shi ka sake awon.

Kan wufa zan daɗe, don a nan ɓarnar ta fi yawa. An koya wa mutane cewa wufa mai kyau ita ce wadda ake jin ta kullum. Ƙarya ce. Wufar da aka saita daidai ba ka sanin tana nan sai fim ya kira ta. Mai karanta labarai na magana, bai kamata ƙirjinka ya riƙa amsawa ba. In kana iya nuna lungun da take da yatsa idonka a rufe, ta yi yawa. Sautin Hz 40 tsawon zangonsa ya haura mita takwas, ya fi yawancin falukanmu tsawo. Yana dukan bango ya dawo ya haɗu da kansa, a wani wuri ya ninku, a wani wuri ya mutu. Shi ya sa mai zama a jikin bango kansa ke ciwo, na tsakiyar ɗaki kuma yana cewa a ƙara. Tura ta lungu yana ƙara mata ƙarfi, amma sau da yawa ƙarfin gunji ne mai sauti ɗaya, ba a bambanta ganga da tsawa.

Akwai dabarar da masu wannan harka suka daɗe suna yi. Ka ɗauki wufar ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka sa kiɗa mai kauri da ka sani sosai, ka durƙusa ka bi gindin bango kana saurare. Inda ka ji kaurin ya fito sumul, kowane bugu daban, nan ne mazauninta. Sai ka mayar da ita can. Aikin minti goma ne, kuma ban taɓa ganin mai haɗa kaya na haya ya yi shi ba.

Ɗakin ma yana da nasa hannu. Mun koma tayil a ƙasa, siminti a bango, silin mai santsi, tebur na gilashi a tsakiya. Ka tafa hannu sau ɗaya a irin wannan falo ka ji yadda yake amsawa. Wannan amsa-kuwwar tana bin kowace kalma ta shafe ta. Kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin da labule mai nauyi za su yi wa magana abin da sabuwar lasifika ba za ta yi ba.

Na san abin da za a ce mini: kuɗina ne, kunnena ne, ni rugugi nake so. Ban hana ka ba. Har ma kana da hujja. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa, kunne yana fara rasa kauri kafin sauran. Mu kuwa ba ma kallo da ƙarfin gidan sinima, don haka ƙara wa wufa desibel biyu ko uku bayan an gama awo ba laifi ba ne, wasu risibobin ma suna da saitin da ke yin haka da kansu. In akwai tsoho a gida, a ƙara wa ta tsakiya biyu ko uku, ni ma haka nake ba da shawara. Amma ka fara sanin inda daidai yake, sannan ka kauce masa da saninka, gwargwadon da ka zaɓa. Wanda bai taɓa jin kayansa a daidaice ba, ba zaɓi ya yi ba. Abin da aka bar masa ya tarar, ya saba da shi, yake kiran sa ra'ayinsa.

Masu sayarwa ma ba zan ƙyale su ba. Ka shiga shagon kayan lantarki ka ga kwali an rubuta wat dubu uku, dubu biyar, da manyan haruffa, a gefe an sa PMPO. Ka juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja daga soket, sai ka ga ba ta kai wat ɗari ba. Ta ina za ta fitar da abin da ba ta sha ba? Wannan lamba ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, adon kwali ce kawai. A Amurka tun 1974 hukumar kula da ciniki ta wajabta wa masu sayar da amfilifaya su faɗi ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a ɗore, saboda irin wannan ruɗu. Mu har yau da ita ake yi mana ciniki. Ko wat na gaskiya ma ba ya yin abin da ake zato. Ninka shi daga 50 zuwa 100 desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninku sau goma. Mai shago ba zai gaya maka haka ba. Zai ƙure murya a cikin hayaniyar kasuwa ya ce, "Alhaji, ji ƙarfi!" Ka ce masa ya rage, ya sa maka wurin da mutum biyu ke magana a hankali. A nan ake gane kaya.

Wata ɓarnar da ake yi ita ce saitin da ke tura sauti iri ɗaya ga duk lasifikokin lokaci guda. Masu haɗawa suna son sa domin mai gida zai kara kunne a kowacce ya ji tana aiki, ya gamsu. Gaskiya ne mafi yawan abin da muke kallo, finafinanmu na Hausa da abin da ke YouTube da tashoshin labarai, hanya biyu kawai yake zuwa da ita, hagu da dama. Amma maganin wannan yana cikin risibar: Dolby Surround, ko Pro Logic a tsofaffin, suna tsamo magana su kai ta tsakiya, su bar na gefe da ɗan abin da ya dace da su. In an saita daidai, na gefe za su yi shiru a yawancin lokaci, kuma haka ake so. Muryar mai wa'azi ko mai labarai ba ta da dalilin fitowa daga bayan ƙeyarka alhali kana kallon bakinsa a gabanka.

Kamfanonin da ke ƙera kayan su ma suna da rabonsu na zargi. Maɓallin ƙara kauri yana nan ɓaro-ɓaro a kan rimot, amma wurin daidaita lasifikoki sai ka nutsa cikin saiti hawa uku ko huɗu, cikin Turancin da ko mai digiri sai ya yi tsaye. Masu haɗa finafinan zamani kuma suna barin tazara mai faɗi tsakanin raɗa da fashewa, abin da ya dace da babban zaure mai bango mai kauri, bai dace da falon da jariri ke barci a ɗakin kusa ba. Akwai saitin dare a kusan kowace risiba, wanda ke matse wannan tazara, ya ɗaga magana ya sassauta fashewa. Mutum nawa aka taɓa nuna wa shi ranar da aka haɗa musu kaya?

Da abin ya tsaya kan jin daɗin fim, da ban ɗaga murya haka ba. Kunnuwa ake lalatawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, ga yaro kuma 75. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 minti 15 kacal. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar sauti. In suka mutu ba sa sake tsirowa, babu allura, babu tiyatar da za ta dawo da su. Yanzu ka tuna wa ke zama a ƙasa dab da lasifika a gidajenmu. Yara ne. Uba yana can kan kujera mita uku ko huɗu yana ƙara murya don ya ji magana, ɗansa na zaune taku biyu daga lasifikar yana shan ninkin abin da uban ke sha. Yaron ba zai yi ƙorafi ba. Sai bayan shekaru malami ya ce ba ya mai da hankali a aji.

Ga kuma maƙwabci. Siririn sauti bango yana tare shi, mai kauri kuwa ratsa bulo yake yi ya bi ta ƙasa. Kai kana jin fim, shi gunji kawai yake ji, dum, dum, har tsakar dare, ga mara lafiya a kwance, ga mai son tashi sallar asuba. Kunya ta hana shi ƙwanƙwasa maka ƙofa, kai kuma ka ɗauka shirunsa yarda ce. Mun san girman haƙƙin maƙwabtaka tun muna yara, bai kamata akwatin katako ya sa mu manta ba. Kuma abin takaicin shi ne wannan cutarwa ba ta ƙara maka komai. Falon da aka daidaita ana jin kowace kalma a cikinsa da murya ƙasa da wadda ake ƙurewa yanzu nesa ba kusa ba.

Masu wannan sana'a, ku ji tsoron Allah ku koyi aikinku. Ma'aunin ƙara bai kai kuɗin lasifika ɗaya ba, tef kuwa ko tela yana da shi. Kai kuma mai gida, in an zo haɗa maka kaya, kada ka cika kuɗin aiki sai an buɗe maka saitin a talabijin ka gani da idonka: nisan kowace lasifika da aka auna, iyakar wufa, da lambar da aka ƙara ko aka rage wa kowacce. In ka ga duk sifili ne a jere, ba a yi komai ba. Ka zauna a kujerarka, a sa fim wurin da ake magana a hankali, a kira mafi tsufa a gidan a tambaye shi ko yana ji. In ya ce a'a, mai haɗawa ya ajiye jakarsa ya koma bakin aiki.